Zomanyar da Na Yanka a Shekarar Fari

Jikata Bilkisu, wadda take karatun gwaje-gwajen asibiti, ta zo hutu da ƙawayenta biyu. Suna zaune a tsakar gida suna latsa waya, sai ta miƙo mini tata ta ce, "Tsoho, sa tabarau ka ga abin da kake cika mana baki wai kun yi shekara kuna nema." Hoton wata 'yar kwalba ce da ba ta kai ɗan yatsa ba. Ta ce ruwan da ke cikinta shi ke gane wani sinadari na hanta, kuma yanzu odarsa ake yi kamar odar takalmi, bayan mako biyu a kawo maka cikin ƙanƙara. Ƙawarta ta ce, "Ashe ma abin ba wuya." Na mayar mata da wayarta. Bakina ba ya tsara magana da sauri irin nasu. Amma ina iya rubutu a hankali. Shi ne na zauna in rubuta muku yadda ake samun abin da ke cikin kwalbar nan, da yadda na zubar da irinsa a ƙasa da hannuna.

Sunana Haladu, mutumin Roni. Aji huɗu na yi a elementare, mahaifina ya cire ni saboda gona. Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru aka ɗauke ni lebura a ofishin dabbobi a Kazaure. Aikina shi ne kayar da sa, riƙe ƙaho a yi allura, dafa sirinji, share ɗaki. Ina cikin wannan har zuwa lokacin da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira. A shekarun nan mutanen birni suna ta sayen babura da rediyo da kuɗin mai, mu kuwa damina ta ƙi mu sau biyu a jere, shanu suna faɗuwa a bakin hanya, makiyaya suna sayar da saniya a farashin akuya.

A cikin wannan hali Mista Bulus ya zo. Kirista ne daga tsaunukan Filato, siriri, mai tabarau, Hausarsa tana da ɗan lanƙwasa irin ta mutanen can. Jami'a ce ta turo shi ya yi binciken da zai ba shi digirin dakta, kuma an yanka masa wa'adi: in damina mai zuwa ta faɗi, lokacinsa ya ƙare. Aka ba shi wani ɗakin ajiya a bayan ofis, da firij mai aiki da kananzir, aka ba shi ni.

Aikin farko da ya sa ni shi ne yankan hanta a mahautar Babura ranar kasuwa. Mukan tashi da sassafe a kan babur ɗinsa, ni a baya rungume da fulas cike da ƙanƙara. Ƙa'idar ita ce a yanki hantar tun naman bai huce ba, gutsure kamar ƙwayar goro, a sa a kwalba, a rubuta lamba, a rubuta ko dabbar mai ƙiba ce ko ramammiya, da inda aka kawo ta. In ka tsaya gaisuwa hantar ta sha iska, ka yi aikin banza. Ranar farko Sarkin Fawa na lokacin, wani ƙaton dattijo da ake kira Mati, ya tsare mu da wuƙarsa a hannu.

"Likita," in ji shi, "ni hanta a kan wuta na san ta, da ƙuli da yaji. Kai me za ka yi da ita a kwalba? In asiri ne ka faɗa, mu ma muna da abokan gaba."

Mista Bulus ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya zan yi. Hantar kaka da hantar bazara, wacce ta fi zaƙi?"

"Ta kaka mana. Wannan ai ko a duhu aka ba ni zan faɗa maka."

"To abin da ke sa zaƙin nake bi."

Ya roƙi gutsure biyu, ɗaya na ragon da aka turke ana ba shi dusa, ɗaya na wata akuya da aka koro daga wajen iyaka, ƙashin haƙarƙarinta duk a waje. Ya dafa kowanne a gwangwani a kan wutar mai tsire, ya dandaƙa, ya tace da ƙyalle. Ruwan ragon ya fito fari-fari kamar an ɗiga nono a ciki. Na akuyar ya fito garau. Sai ya ɗiga aidin, maganin nan da ake sa wa ciwo. Na ragon ya koma ja kamar tofin goro, na akuyar bai canja ba. Mahauta suka kewaye mu. Ya ce musu hanta rumbu ce. In dabba ta ƙoshi, jiki yana tara sukarin da ya rage a cikinta, in yunwa ta zo a riƙa ɗiba. Rumbun ragon a cike yake, na akuyar an share shi har ƙasa.

Sarkin Fawa ya ɗaga gwangwanin biyu ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Tun ba ni da gemu nake fiɗa, ban san rumbu nake yankawa ba." Daga ranar bai ƙara hana mu ba. Da ya hango mu sai ya ce wa yaransa, "Ku buɗe wa masu awon rumbu."

A hanyar komawa muka tsaya gindin wata tsamiya don injin ya huce, ya yi mini sauran bayanin. Rumbu ba ya cika kansa. Akwai wani sinadari a cikin hanta, ido ba ya ganinsa, ko madubin likita ba ya nuna shi, shi ke ɗaukar sukari ɗaya bayan ɗaya yana jerawa kamar mai jera damin gero. Ya faɗi sunansa da Turanci, na kasa riƙewa, sai muka sa masa Magini. Tambayar da ta kawo shi ita ce: in yunwa ta daɗe, rumbu ya zama wayam, Magini yana nan zaune yana jiran kaka, ko shi ma jiki ya sallame shi? In yana nan, saniyar da ta faɗi za a iya tayar da ita da ɗan abinci kaɗan. In ya tafi, sai an nemi wata dabara. Kuma ba inda za a yi wannan tambaya sai a hantar dabbar da yunwa ta ci da gaske.

Na ce, "Maigida, abin da ido ba ya gani, yaya za ka san yana nan?"

Ya ce, "Zomo zai gaya mana."

Na ɗauka wasa yake.

Kafin ya zo Kazaure ya yi shekara guda a jami'a yana tace Magini daga hantar awaki, duk wahalar ta tsaya a 'yan kwalabe ƙanana da za ka rufe a tafin hannu. Shi ake haɗawa da wani mai, a yi wa zomo allura ƙarƙashin fatar baya, a bar shi makonni, a sake yi masa. Jikin zomo in ya ga baƙon abu, sai ya ƙera wani abu a cikin jininsa wanda ya san wannan baƙo shi kaɗai. Duk inda suka haɗu sai ya cafke shi, ko da a cikin dubun wasu yake. Wannan abin da ke cikin jini shi ne a kwalbar da kuka gani a waya. Ba inji ke yin sa ba. Ana roƙon mai rai ne ya yi, kuma yana iya ƙi.

Zomaye uku muka fara da su, duka farare, 'yan ciki ɗaya. Ɗaya mura ta kashe shi tun da wuri. Saura mata biyu da ba ka iya rabewa, sai muka shafa musu shuɗin maganin gyambo, ɗaya a kunnen dama, ɗaya a na hagu. Ta dama ta sha allura daidai da 'yar'uwarta, amma jininta bai taɓa ba da komai ba. Ta hagu ita ce na sa wa suna Gimbiya.

Kiwon Gimbiya ya fi kiwon jariri. Kejinsu yana ƙarƙashin darbejiya a bayan ofis. Zomo ba ya jure zafi, don haka ana rufe kejin da buhunan algarara a jiƙa su, in sun bushe a sake jiƙawa, tun daga hantsi har la'asar. A shekarar da mata ke kwana a bakin rijiya, ni ina jan ruwa ina zuba wa buhu. Ina zuwa fadama in samo mata ganyen dankali da karas. Direban ofis, Sule, kullum sai ya tsokane ni.

"Dogarin zomo, an tashi lafiya? Ka tambayar mini Gimbiya ko tana son miji. Wallahi na yarda a sa ni a keji, in dai da karas."

"Kai jininka me zai gane, ban da tashar mota?"

Ɗiban jini kuwa sai da na yi wata biyu ina kallo kafin ya bar ni in taɓa. Za ka naɗe zomanya a tawul, kai kawai a waje. Ka aske gefen kunne da reza, ka shafa basilin don kada jinin ya bi gashi. Ka riƙe kunnen a tafin hannu har ya yi ɗumi jijiya ta taso, sannan ka ɗan tsaga, ka tara kwalba. Ba a matsawa. In ka matsa, jinin ya fashe, ruwansa ya yi ja, ya lalace. Ɗigo ɗigo za ka jira, kana shafa mata goshi. In an samu kamar cokali biyu a tsaya. A jingine kwalbar jinin ya daskare, ya kwana a firij, da safe a sa a injin juyi wanda ake murzawa da hannu har kafaɗa ta yi tsami. Gudan jinin ya koma ƙasa, wani ruwa ya taso sama, rawaya-rawaya kamar man gyaɗa. Shi ake nema. Daga baya Mista Bulus ya ce hannuna ya fi nasa sauƙi, ya bar mini ɗiban gaba ɗaya. Ni ke shiga wajen keji, shi yana karɓar kwalba a ɗaki.

Ranar da na fara ganin amsar zomo ba zan manta da ita ba. Akwai wani farin gari da ake kira aga. Ana dafa shi da ruwan gishiri a zuba a farantin gilashi, ya daskare kamar kunun da ya kwana, amma garau, kana ganin yatsanka ta ƙasa. Sai a huda ƙananan ramuka, ɗaya a tsakiya, shida kewaye da shi. Ya ɗiga ruwan jinin Gimbiya a na tsakiya. A na gefe ya sa ruwan hantar rago, ya sa na tsokar cinya, ya sa jinin akuya, ya sa ruwan gishiri zalla. Muka rufe a gwangwani da jiƙaƙƙen ƙyalle muka bar shi kwana biyu. Rana ta uku ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a bakin taga, ya ɗora farantin, ya ce in sunkuyo.

Tsakanin ramin tsakiya da ramin hanta, inda shekaranjiya babu komai, wani farin layi ya fito, siriri, a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Wajen tsoka babu. Wajen jinin akuya babu. Nan kaɗai. Ba wanda ya zana shi. Abu biyu da ido ba ya gani sun taso daga ramukansu, sun yi tafiya cikin aga a hankali, sun haɗu a tsakiya, ɗaya ya gane ɗaya ya riƙe shi, har suka taru suka yi yawan da ɗan Adam zai gani. Mista Bulus ya cire tabarau ya yi addu'a da yarensu. Ni na yi tasbihi. Zomanyar da ba ta san sunanta ba, tana can tana tauna ganye, ga shi jininta ya san abin da ke cikin hantar ragon Babura. Na ga layin nan sau da yawa a rayuwata daga baya, bai taɓa zame mini abin sabo ba.

Zuwa tsakiyar bazara, gidan ƙanƙarar firij ɗinmu ya cika da kwalaben hanta. Wata biyar muna tarawa, daga Babura, da Roni, da Gwiwa, da 'Yankwashi, yawanci na dabbobin da aka yanka don sun kasa tashi. Mista Bulus ya yi wa Gimbiya allurar ƙarshe. Ya ce bayan mako biyu jininta zai kai ƙarfinsa, a lokacin za mu ɗiba da yawa mu gwada hantar duka. Kafin nan zai je jami'a ya nuna wa malaminsa ɗan ruwan jinin da muke da shi, ya bar shi a babban firij ɗinsu. Da zai hau babur ya ce, "Malam Haladu, komai na ɗakin nan ana iya sakewa, ban da hantar nan da zomanyar nan."

Ranar Juma'a ta biyu da tafiyarsa aka yi wani zafi, ko tsuntsu ba ya motsi. Na jiƙa buhuna na tafi masallaci. Da aka idar na haɗu da mutanen Roni, muka tsaya ana ba ni labarin wanda ya tafi cin rani da wanda ya sayar da shanunsa. Na daɗe. Da na dawo buhunan sun bushe ƙayau. Ta kunnen dama tana haki amma tana zaune. Gimbiya tana kwance a gefe ɗaya, kai ya koma baya, ƙafafu suna shure-shure. Na zuba mata ruwa, na yi mata fifita, ba ta dawo ba. Idonta ya fara juyewa.

Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane abin da ya biyo baya ba sai na faɗa muku. A gidan da na tashi, in dabba ta kama hanyar mutuwa, kalma ɗaya ake yi: a kawo wuƙa. Ba a barin halal ta zama mushe a gaban mutum. Na yi wannan wa awaki da kaji tun ina yaro, kuma a shekarar nan kullum abin da ake yi ke nan a kowane garke. Hannuna ya riga kaina. Na zaro wuƙar yankan hanta, na tona ɗan rami da dunduniya, na fuskanci gabas, na yi bisimilla na yanka. Na riƙe ta har jinin ya gama tsiyaya, na tura ƙasa na rufe, yadda mahaifina ya koya mini. Ni da na yi watanni ina tarar jinin nan ɗigo ɗigo a kwalba, ban tuna ba sai da na ga ƙasa ta shanye shi. Naman na kai gida aka dafa, don ba shekarar zubar da nama ba ce.

Wannan kuskure ne. Abin da na yi bayansa ba kuskure ba ne, da sanina na yi. Na kama ta kunnen dama, na wanke shuɗin da sabulu da toka har ya fita, na shafa mata sabo a kunnen hagu. Tana da tabon reza da kumburin allura daidai da 'yar'uwarta. Da Mista Bulus ya dawo na ce masa zafi ya kashe zomanya ɗaya.

"Wacce?"

"Ta dama, maigida."

Ya sauke numfashi ya ce, "Allah ya taimake mu." Ya leƙa keji daga nesa ya ga shuɗi a hagu, ya wuce ɗaki. A raina ina cewa ai ita ma ta sha allurar, wataƙila yanzu jininta ya farka.

Washegari na ɗebi jini na kai masa. Ya fito da kwalaben hanta ya narkar, na daka su a ɗan turmin tangaran, na murza injin juyi, ya zuba faranti goma sha wani abu. Bayan kwana biyu muka ɗora su a bakin taga. Babu layi ko ɗaya, har wajen hantar rago mai ƙiba. Ya ce agar ce ta tsufa, ya buɗe sabuwa. Babu. Ya ce ruwan rijiya ne, ya je Kano ya kawo tataccen ruwa. Babu. Ya ce zafi ne, muka sa farantan cikin randa. Babu. Kowane gwaji sai an narkar da hanta an gutsura an mayar, kuma firij ɗin kananzir ba ya daskarar da abu da sauri. Hantar ta fara canja launi, ta fara wari-wari. Ina tsaye a gefensa ina murza inji ina kallo. Ya daina cin abincin rana. Ya riƙa bin littafinsa shafi shafi yana neman inda ya yi kuskure, har ya ce mini, "Malam Haladu, ko dai ni ne ban iya ba?" Sau uku na buɗe baki in faɗa. Sau ukun na ce, "Allah zai kawo mafita, maigida." Haka muka yi kusan mako uku.

Daga ƙarshe ya koma jami'a ya ɗauko tsohon ruwan jinin da ya bari can. Ya huda ramuka uku a jere: tsohon jini a hagu, sabo a dama, sabuwar hantar rago a tsakiya. Rana ta uku ya ɗora a bakin taga. A hagu jinjirin wata ya fito sarai. A dama babu komai. Ya daɗe a sunkuye. Bai juyo ba ya yi magana.

"Malam Haladu, jini ba ya mantuwa cikin wata guda. Wannan na dama bai taɓa sanin Magini ba. Ina Gimbiya?"

Na faɗa masa duka, daga masallaci har sabulu da toka. Bai ɗaga murya ba. Ya zauna a kan akwatin kwalabe.

"Da ka yanka ta, ina jinin?"

"Na rufe shi da ƙasa."

"Babu kwano a kusa?"

"Akwai kwanon ruwanta."

Ya rufe fuska da tafin hannu, sannan ya ce, "Jinin da ya fita a wuyan nan ya fi abin da za mu ɗiba a kunne sau goma. Da ka tara kwanon nan, da ya ishe mu hantar nan duka har a rage. Yankan ba laifi ba ne, ni ma da ina nan abin da zan yi ke nan, sai dai da kwano. Laifina ne ban taɓa gaya maka ba." Ya dubi firij. "Amma da ka gaya mini ranar da na dawo, da ban taɓa hantar nan ba. Da na je na ɗauko wannan ɗan ruwan, na zaɓi ashirin mafi kyau na gwada. Ashirin ma sun isa a rubuta wani abu."

Muka gwada tsohon jinin a kan abin da ya rage. Hantar ta riga ta lalace, sai wani hazo-hazo ya fito a cikin aga, ba ka iya cewa akwai ko babu. A makon nan aka yi ruwan farko. Kafin wata ya zagayo ciyawa ta rufe ƙasa, dabbobin da suka tsira suka fara cikowa. Sarkin Fawa ya aiko a gaya wa Likita rumbuna sun fara cika, ya zo ya auna.

Bai kai ƙarata wajen kowa ba. Wa'adinsa ya cika, ba shi da abin nunawa, aka kira shi ya koma garinsu koyarwa a sakandare. Ni na zauna a wannan aiki fiye da shekara ashirin bayansa, na yi wa likitocin dabbobi da yawa hidimar ɗakin gwaji. Duk kejin da na kula da shi akwai kwano mai tsabta rataye a ƙusa a gefensa. Duk sabon ma'aikacin da aka ba ni, kafin in koya masa riƙon reza sai na ba shi labarin nan da sunana a ciki. Nakan ce masa a wannan sana'a za ka fasa kwalba, za ka rikita lamba, dabba za ta mutu a hannunka, duk ana gyarawa in ka faɗa a ranar. Wanda yake gwaji makaho ne a kan abin da ka miƙa masa. Abin da ka ce shi ne a kwalba, shi zai gina shekararsa a kai.

Ranar da zai tafi ya ba ni kwalbar Magini ta ƙarshe, ɗan abin da ya rage. Ya ce, "Ba inda zan kai shi. In ka ga dama ka zubar." Ban zubar ba. Na samo zomaye biyu, na yi musu allura yadda na ga yana yi, na lissafa makonni a jikin bango da gawayi. Wata huɗu ban yi nisa da kejin ba, sallar Juma'a ma a sahun baya nake yi, ana sallamewa in taso. Bayan kaka na ɗebi jini na tace, na cika kwalabe shida, na sa a fulas. Na hau mota zuwa Kano, na sake ƙanƙara, na hau wata zuwa Filato. Kwana biyu ina rungume da fulas ɗin a cinya.

Na same shi a makaranta da alli a hannu, yana koya wa yara sassan fure. Ya ga fulas ɗin ya gane. Ya ce, "Ka sha hanya." Ya sauke ni a gidansa, matarsa ta ba ni ɗaki da buta. Da yamma muka je kasuwa ya sayi hanta mai ɗumi, ya tono ragowar aga a cikin kayansa, muka dafa a murhun girki. Ni na huda ramukan.

Rana ta uku ya shimfiɗa baƙin wandonsa a bakin taga ya ɗora farantin. Layin ya fito fari tas, ya fi na Gimbiya kauri. Muka sunkuya mu biyu muna kallo kamar ba mu taɓa gani ba. Ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba ta a hasken rana.

"Kai kaɗai ka yi wannan?"

"Ni kaɗai, maigida."

"Ya yi kyau. Ya fi na farko." Ya mayar da kwalbar cikin fulas a hankali ya rufe.

Na ce, "To yanzu sai a koma a ƙarasa aikin."

Ya girgiza kai. "Da wace hantar, Malam Haladu? Mai amsa ya zo, amma abin da zan tambaye shi ya wuce. Sai an sake fari irin wancan, ni kuwa ba zan roƙi Allah ya kawo shi ba."